Lagireton da Na Ɗaura wa Motar Ruwa

Jiya da hantsi wani saurayi ya tsaya a ƙofar gidana da sabon lagireto a cikin kwali, ya ce in ara masa sufana da sukundireba, shi zai ɗaura wa motar yayansa da kansa. Na tambaye shi ko ya taɓa yi. Ya ce bai taɓa ba, amma ya kalla a waya: noti huɗu ne da tiyo biyu, kafin shayi ya huce an gama. Na ba shi sufanar ya tafi. To tun da ya tafi maganar take cina, shi ya sa na ce ku zauna, ku da kuke ta zuwa kuna cewa in koya muku aikin nan cikin wata guda.

Sunana Haruna, a nan Gadarif kuwa Usta Haruna ake ce mini, don usta ake kiran ƙwararren mai sana'a. Mahaifina da shanu ya iso ƙasar nan, da shanun suka ƙare ya kama fartanya, ni kuma na kama ƙarfe. Ban taɓa yin shago a kasuwa ba. A tsakar gidan nan na yi aikina duka, ƙarƙashin wannan darbejiyar, mota na shigowa ta ƙofar da kuka shigo. Abin da mutanenmu na yamma ke kira lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, a nan ladetar ake cewa, kuma shi kaɗai na sani ciki da waje. Sauran jikin mota ina taɓawa, amma wannan shi ne abincina.

Aikin farko da maigidana Usta Bushara ya saka ni, lagireton tarakta ne da aka kawo daga manyan gonakin nan da ake nomawa da inji. Ya narke dalmar da ta riƙe tankin sama, ya ɗage shi kamar murfin tukunya, ya nuna mini ƙananan bututun da ke jere a ciki, sun fi ɗari. Ya miƙo mini wani siririn ƙarfe mai faɗi ya ce in zura shi cikin kowanne har ya leƙo ta ƙasa. Na yini ina yi, yatsuna suka yi ta jini saboda kaifin ganyen tagullar. Da la'asar ya zo ya ɗaga lagireton ya saita shi da rana, ya leƙa, ya ajiye.

Ya ce, "Uku ba su ga haske ba."

Na sake bi ɗaya bayan ɗaya. Uku ne kuwa.

Shekara guda cur ban taɓa kawiya ba, wato ƙarfen da ake narka dalma da shi. Aikina hura risho, wanke tagulla da asid, da cika baho. Wannan bahon shi ne alƙalin sana'ar. Idan an gama like lagireto sai a toshe bakunansa, a nutsa shi cikin ruwa, a hura masa iska da famfon keke. Ƙwayar kumfa ɗaya ta taso, aiki ya koma farko. Usta Bushara yana da kawiya biyu, babba da ƙarama, da kumatunsa yake gwada zafinsu daga nesa. Ranar da ya ba ni ƙaramar, na narke bututu shida a take saboda na bar ta ta yi ja. Bai zage ni ba. Ya karɓi abarsa, ya mayar da ni baho har wata huɗu.

Wani direban lori ya taɓa kawo mini lagireto yana cewa ɗan yoyo ne kawai. Ina ɗora masa wuta sai tururi ya tashi, duk wanda ke tsakar gidan ya kama atishawa da tari, har kajin matata suka watse. Garin barkono ya zuba, kusan rabin kwano, wai don ya toshe hujin. Na ga mai fasa ƙwai a ciki, na ga mai sabulu, na ga mai ganyen shayi. Wani ɗan kasuwa garin ridi ya zuba, cikin lagireton ya koma kamar tunkuza. Duk suna toshe huji, gaskiya ne, amma da huji da bututu duk tare suke toshewa. Ga ƙasar nan kuma ba ta tausayin inji. Da damina baƙar laka ta manne a gaba, da kaka ƙaiƙayin dawa ya cike ganyen har iska ba ta wucewa. Ruwan hafir, tafkunan nan da ake haƙawa don tara ruwan sama, rabinsa taɓo ne. Ruwan rijiya kuma gishiri ne da shi, yana cin ƙarfe daga ciki kana kallon waje lafiya lau.

Akwai wani malamin makaranta, mutumin kirki, ya tsaya nan ƙofar da motarsa tana tafasa. Ina fitowa daga ɗaki ina ce masa ya dakata, ashe hannunsa ya riga ya kai kan murfi. Ruwan ya taso ya wuce tsayinsa. Da muka tuɓe masa riga, fatar hannunsa ta biyo rigar tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Na ɗauka ba zan sake ganin abin da ya kai wannan tayar da hankali ba a sana'ar. Ashe mafi munin da hannuna zan yi shi.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba, kowa a garin nan ya ji a jikinsa. Gonakin dawa suka bushe a tsaye, masu su suka janye taraktocinsu suka bar daji wayam. Hafirai suka ƙafe tun kafin kaka, ƙasa ta tsattsage har ƙafar jaki na faɗawa. Ridi ne kaɗai ya ɗan yi, don shi da wuri yake nuna. Ridi kuwa ba ya jira. Idan ya nuna ba a yanke shi ba, kwanson ya buɗe ya zubar da abin da ke ciki a ƙasa.

Alhaji Sale yana da gonar ridi ta wajen Basunda, tafiyar rabin yini a mota. Ya tara masu yanka mutum talatin da 'yan kai a kambo, wato sansanin bukkokin da leburori ke zama a gona, kuma babu ɗigon ruwa kusa da su. Direbansa Musa Dogo, maƙwabcinmu ne a unguwar nan, masallaci ɗaya muke salla, shi ke kai musu ganga biyar a boksi, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, duk bayan kwana huɗu. Da wannan ruwan suke sha, da shi suke dafa abinci.

Lagireton boksin sau uku ina like shi. Ranar Talata Musa ya dawo daga kai ruwa ya shigo da ita tana ɗiga, na taɓa tagullar ta marmashe a hannuna kamar busasshen ganye. Na ce masa ya gaya wa Alhaji babu sauran wurin da dalma za ta kama, sai sabo. Aka duba kasuwa babu, aka aika Hartum. Na kwance tsohon na ajiye, motar ta zauna a nan da tiyo biyu a buɗe, na sama da na ƙasa. Wanda ya san zanzaro ya san ba a barin baki a buɗe kwana biyu, kafin ka ankara ya gina ɗakinsa na laka a ciki. Don haka na yago ƙyalle biyu daga wani tsohon mayafin matata Hauwa, shuɗi mai ɗigon fari, na cusa a bakin kowane tiyo. Haka aka koya mini, haka kuma nake yi kullum.

Sabon ya iso ranar Juma'a dab da azahar. Na fitar da shi daga kwali, na gwada shi a baho, babu kumfa. Na zaunar da shi a kan robobinsa, na daidaita shi yadda fanka ba za ta taɓa shi ba, na ɗaure noti. Aka kira salla na tafi, na dawo na ƙarasa. Asabar da sassafe Musa ya zo da gangunansa a cike. Na zuba ruwa, muka tayar da inji, na tsuguna ina duban ƙasa. Ko ɗigo babu. Agogon da ke nuna zafin inji ya daɗe da mutuwa a motar, kamar yawancin motocin daji. Ka'ida ita ce a bar inji ya yi zafi sosai, a ɗan zaga gari da motar, a dawo a sake dubawa.

Musa ya ce, "Usta, yau ruwansu zai ƙare. In ban tashi yanzu ba rana za ta same ni a hanya."

Na rufe bonet na ce, "Sabo ne fil. Allah ya kiyaye hanya."

Abin da ya biyo baya, daga baya na ji shi. Musa ya bar babbar hanya ya kama ta gonaki, sai inji ya fara tafasa. Ya tsaya ya jira ya huce, ya buɗe, ya ga ruwa a cike. Ya ƙara kaɗan ya ci gaba. Sau uku yana haka. A na huɗu motar ta yi farin hayaƙi ta tsaya, ba ta sake tashi ba. Wurin kuwa tsakiyar gonakin dawar da aka gudu aka bari ne, inda a shekarar kirki tarakta goma za su wuce ka kafin azahar. Ga mutum da ganga biyar na ruwa, ga masu ƙishi a gabansa tafiyar da ƙafa ba za ta kai ba da kaya. Ya jira yinin Asabar ko wani zai gifta, babu kowa. Lahadi ya cika jarka ya juya da ƙafa ya nufi babbar hanya, bai shigo gari ba sai Litinin.

A kambo ruwa ya ƙare ranar Asabar da rana. Suka kwana suna sauraren ƙarar mota. Lahadi da hantsi wakilin gonar ya ce kowa ya tashi, za su taka zuwa wani kambo mai tankin ruwa. Cikinsu akwai mai dafa musu abinci, wani dattijo mutumin Hawata, Baba Adamu. Da rana ta take ya kasa. Ya zauna gindin wata farar ƙaya ya ce su je, idan sun sha su kawo masa. Wasu suka so su ɗauke shi, su ma ƙafafunsu ba sa ɗaukarsu. Da aka dawo da ruwa a tarakta wajen la'asar sakaliya, aka tarar ya cika, yana zaune yadda aka bar shi. A nan aka binne shi.

Ranar Talata tarakta ta jawo boksin ta shigo da ita tsakar gidan nan, mutane na biye da ita har suka cika ƙofa. Alhaji Sale ya tsaya a gaban motar, Musa na gefe, leɓɓansa duk sun tsage.

Alhaji ya ce, "Usta, duba ka gaya mini gaskiya gaban mutanen nan. Aikinka ne ko tuƙinsa?"

Na buɗe bonet. Lagireto na nan sabo, babu tsaga, babu yoyo, tiyo biyu a ɗaure tamau. Inji kuwa ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai ya koma kamar kunu.

Na ce, "Alhaji, ga shi kana gani. Aikina lafiyarsa ƙalau. Inji ba ya ƙonewa haka sai an bar shi babu ruwa."

Musa ya ce, "Wallahi usta ruwa a cike yake, duk tsayuwar da na yi sai na duba. Inji kamar wuta, amma in na taɓa ƙasan lagireton sanyi ƙalau."

Da Usta Bushara ne ya ji wannan maganar, da a take ya ɗauko sukundireba. Inji na tafasa, lagireto da sanyi, ai ruwa ne ba ya zagayawa. Ni ma na sani. Amma idon jama'a na kaina, sai na ce, "Duk direban da ya ƙona inji abin da yake faɗa ke nan."

Alhaji ya miƙa hannu, Musa ya ajiye masa makulli. Kafin magariba magana ta gama unguwa. Wasu suka ce sayar da ruwan ya tsaya yi a hanya, wasu suka ce barci ya yi ya bar inji na ci. Babu mai mota da ya yarda ya ba shi tuƙi. Mutum mai mata da 'ya'ya huɗu ya koma dakon buhu a kasuwar amfanin gona. A masallaci sai ya tsaya can ƙarshen sahu, ana sallama ya fice.

Kwana tara bayan nan kayan gyaran inji suka iso. Na kwance kan inji na ajiye, na ga gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone ƙurmus, wannan ban yi mamaki ba. Sai na ce bari in cire famfon ruwa in wanke shi tun da an riga an buɗe. Na kwance notinsa, na buga shi da ƙotar guduma, ya saki. Ina juyo da shi na ga wani abu baƙi ya nannaɗe fikafikansa ya cike mashigar ruwan. Na ɗauka taɓo ne. Na sa filaya na ja, ya biyo ni. Na jefa shi cikin baho na murza. Da baƙin ya fita sai ga shuɗi, ga ɗigon fari.

Na zauna a ƙasa cikin man inji. Nan take ranar Juma'ar ta dawo mini daki-daki. Na zare ƙyallen tiyon sama, na tuna har inda na jefar da shi. Ina sunkuyawa kan na ƙasa aka kira salla. Da na dawo na leƙa bakin tiyon ban ga komai ba, don ƙyallen ya zurma ciki, sai na ɗauka na riga na cire, na tura tiyo na ɗaure. Da sanyin safiya, inji na tafiya a hankali, ruwa ya riƙa tsiyaya ta cikinsa. Da mota ta ɗauki kaya ta kama hanya, famfo ya zuƙe shi.

Babu kowa a tsakar gidan. Na matse ƙyallen na cusa a aljihu, na wanke famfon, na ci gaba da aiki. Kwana uku yana aljihuna. Na je masallaci da shi, na ga Musa a ƙarshen sahu da ƙurar buhu a gashinsa, na dawo da shi. Na ɗaure noti ɗaya sau uku ina kwancewa don ban yarda na ɗaure shi ba.

Rana ta huɗu da safe Hauwa ta kwashi kayana za ta wanke. Ina ƙarƙashin motar na ga ƙafafunta sun tsaya kusa da kaina.

Ta ce, "Malam, wannan ba mayafina ba ne? Me ya tattauna shi haka?"

Na fito na gaya mata. Ta daɗe tana kallon ƙyallen, ta kalli boksin, ta sake kallona.

Ta ce, "Jiya matar Musa ta zo karɓar wuta, ko zama ba ta yi ba. Ta ce yaransu sun daina fita wasa, ana ce musu 'ya'yan wanda ya kashe tsoho." Ta ajiye ƙyallen a kan bonet ta koma wajen wankinta.

Bayan la'asar na tafi ƙofar gidan Alhaji Sale, inda yake zama a tabarma da mutanensa. Na gaishe shi na ce ina da magana, amma sai an kira Musa. Ya ce me kuma Musa zai yi a nan. Na ce maganar tasa ce. Aka aika kasuwa aka kira shi, ya zo ya tsaya daga nesa. Na ajiye ƙyallen a tsakiyar tabarma, na faɗi inda na same shi, da wanda ya cusa shi, da yadda aka yi ya zauna a ciki. Na ce Musa bai bar mota babu ruwa ba, kuma ya faɗa mini alamar a gaban jama'a na ƙaryata shi.

Wani dattijo da ke zuba shayi ya tsaya da buta a sama har kofin ya cika ya zube. Alhaji ya ɗauki ƙyallen da yatsu biyu ya juya shi.

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Usta, wannan ne?"

Na ce, "Shi ne, Alhaji."

"Ridina da ya zube, da injin, da ran bawan Allah nan?"

"Shi ne."

Musa ya matso ya tsuguna yana kallon abin. Na ɗauka zai shaƙe ni, kuma da ya yi babu mai ganin laifinsa. Sai ya ce a hankali, "Ai na gaya maka ƙasan da sanyi."

Alhaji ya shiga gida ya fito da makullin boksin ya miƙa masa, ya nemi gafararsa a gaban kowa. Musa bai karɓa nan da nan ba. Ya ce, "Alhaji, sunana ya riga ni zuwa Hawata. Matar Baba Adamu tana can ta san ni ne na kashe mata miji. Zan karɓa idan usta zai bi ni ya faɗa mata da bakinsa." Na ce zan je.

Alhaji Sale bai sake kawo mini mota ba har ya bar duniya, kuma kusan shekara guda ciyawa ce ke fitowa a tsakar gidan nan, sai gyaran risho da bokiti nake yi. Amma wannan daga baya ne. A cikin makon dai na haɗa injin, na bi kowane tiyo na hura da bakina kafin in ɗaura, muka zaga gari da motar sau uku, sannan muka kama hanyar Hawata ni da Musa. Tun daga Gadarif har muka hango itatuwan bakin kogin Rahad idonsa na kan hanya.

Gidan Baba Adamu bukka biyu ne da dangar kara, ana jin ƙarar injin ban ruwa daga bakin kogi. Matarsa Inna Dije tana takaba, tana zaune a tabarma cikin inuwa da 'yar'uwarta. Da aka ce mata ga Musa direba, ta juya fuska ta kalli danga. Muka yi mata gaisuwa, 'yar'uwar ce ta amsa. Na durƙusa na ce, "Inna, ni ne makanikin da ya gyara motar. Na zo in gaya miki abin da ya hana ruwa isa." Na faɗa mata duka, yadda na faɗa muku yanzu, ban rage ba.

Ta juyo a hankali ta ce, "Ina abin?"

Na fitar na miƙa mata. Ta shimfiɗa shi a tafin hannunta, bai ma rufe tafin ba.

Ta ce, "Wannan ɗan abin? Mutumin da ya tsufa a bakin kogi, kullum shi ke cika mini randa kafin ya fita." Sannan ta tambaya, "Ya daɗe yana jira?"

Na ce ban sani ba, ba na wurin. Musa ma ya ce bai sani ba.

Ta dubi Musa ta ce, "Ɗan nan, na yi ta ambaton sunanka da abin da bai kamata ba, har a kan sallaya. Ka yafe mini." Musa ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe.

Ta dafa ƙasa ta tashi, ta shiga bukka, na ji ta buɗe randa. Ta fito da kwanon sha a cike ta miƙo mini.

Ta ce, "Sha. Kun sha hanya."

Na riƙe kwanon da hannu biyu. Na kai baki, na sauke ban sha ba. Ba ta koma ta zauna ba, tana tsaye a kaina. Na sake kaiwa, na shanye shi duka. Ta karɓi kwanonta ta kife.

Ta ce, "Na ji abin da ka zo da shi, kuma ka kyauta da ka wanke yaron nan. Sauran kuwa tsakaninka da Allah ne, ba ni zan yanke ba. Ku tashi tun da sauran rana, hanyarku da nisa."